Iska da Wari da Darma: Tarihin Wani Darasin Elemantare a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Cikin darussan da a ke koya wa yara a makarantun elemantare, waɗanda yanzu a ke kira firamare, akwai wani ƙaramin darasi wanda malamai da yawa ba su ɗauke shi da nauyi ba, watau darasin iska da wari da siffofin abubuwa. A cikinsa a kan nuna wa yaro cewa iska wani abu ne ko da ya ke ido ba ya ganinta, tana cika wuri, tana da nauyi, tana kuma ɗaukar ƙamshi da wari daga nan zuwa can. A kan nuna masa kuma ko wane abu yana da siffofin da a ke gane shi da su, kamar nauyi da tauri da launi. Galibi cikin mako ɗaya ko biyu a ke gama shi a wuce gaba.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi tarihin wannan darasi a yankin Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne a nan ne, cikin shekarar 2010, ƙurar darma ta hallaka yara wajen 400, ta kuma illata dubbai. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa abu ɗaya ne. Ilmin da mutane suka gada, da wanda makarantar boko ta fara kawowa, duka sun dogara ga shaidar ido da hanci da harshe wajen gane abin da ke cutarwa. Wannan shaida tana da amfani ƙwarai, amma tana da iyaka, kuma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ne aka ga iyakarta ƙarara.

Ƙasar da mutanenta

Yankin yana kwance ne a kwarin Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta wajen Anka ya nufi yamma har Gummi. Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ta zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. A zamanin Turawa yankin yana cikin Lardin Sakkwato, a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, sa'an nan ya zauna cikin Jihar Arewa maso Yamma da Jihar Sakkwato, har ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mutanen manoma ne da makiyaya, masu gero da dawa da gyaɗa da auduga. Da rani, sa'ad da aikin gona ya ƙare, ko wane magidanci ya kan nemi abin da zai riƙe gida da shi. A ƙarƙashin gonakinsu kuwa akwai duwatsu masu zinariya. Wannan shi ya haɗa tarihin wannan ƙasa da darasin da mu ke magana a kai.

Abin da harshe da sana'a suka riga suka sani

Kuskure ne a zaci yaron Hausa ya kan zo aji da kai fayau game da siffofin abubuwa. Harshensa da kansa ya riga ya kasa su. A shekarar 1955 F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya buga wani nazari a kan wani rukunin sunaye masu kama ɗaya: zafi, sanyi, nauyi, tauri, laushi, kauri, kaushi, santsi, zurfi, faɗi, ɗaci, zaƙi, tsami, wari, da sauransu. Dukansu gaɓa biyu gare su, gaɓar farko mai nauyi, suna ƙarewa da wasalin i, kuma dukansu sunayen siffofi ne waɗanda jiki ke ji ko ido ke gani. Daga cikinsu a ke fitar da siffa, kamar zazzafa da kakkaura da tattaura, a ke kuma fitar da aikatau, kamar zafafa da kaurara da faɗaɗa. Watau abin da littafin kimiyya ke kira siffofin abubuwa, a Hausa wani babi ne na nahawu, kuma yaro ya kan iya shi kafin ya yi wayo.

Wajen abin da hanci ke ji ma harshen ba matalauci ba ne. Akwai ƙamshi na turare da fure, da wari na ko wane abu maras daɗi, da ɗoyi na mushe, da ƙarni na kifi da jini, da ƙauri na abin da ya ƙone, da zarni na fitsari, da hamami, da bashi. Matar gida ta kan san tuwo ya kama ƙasan tukunya tana daga ɗaki, mahauci ya kan san naman jiya ba tare da ya taɓa shi ba. Abin lura kuma, Bahaushe da kalmomi biyu ya ke tattara dukan hanyoyin sani na jiki, watau gani da ji. Ya ji magana, ya ji wari, ya ji ɗaci, ya ji sanyi. Abin da bai gani ba, bai kuma ji ba, da wuya ya yarda yana nan.

Masu sana'a sun san fiye da haka. Maƙeri ya san wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa ya ke da zugazugi. Ya san darma tana narkewa nan da nan a kan garwashi, baƙin ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja a buge shi. Mai sheƙar hatsi tana ɗaga ƙwarya ta zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba, domin ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Mai ɗebo ruwa ya san in an dulmiya tulu sai ya yi ta ɓulɓul kafin ya cika, gama akwai abin da ke fita kafin ruwa ya sami wuri. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan gwaji ne na kimiyya, sai dai ba a kira shi da wannan suna ba.

Makarantar ilmi ita ma tana da nata rabo. Almajirin da ya fara Ahalari ko Ishmawi ko Risala, tun a babin tsarki ya kan koyi cewa ana duba ruwa ta siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukunci ne na ibada, ba a kuwa ajiye shi don gano guba ba, amma shi ne darasin farko na siffofin abu da yawancin yaran ƙasar nan suka samu cikin tsari. Malaman ɗibbu kuma sun gaji bayanin ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, wanda ya zo daga Yunanawa ta hannun Larabawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, haka kuma Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi cikin ƙasar Zamfara.

Akwai wani abu game da kalmar iska wanda ya kamata malami ya riƙe. Kalmar tana nufin abin da mu ke shaƙa, tana kuma nufin aljani, jam'inta iskoki. Yaron da ya kama jijjiga ya shiɗe, sau da yawa a kan ce iska ce ta taɓa shi. Saboda haka malamin da ya tsaya gaban aji ya ce akwai cuta cikin iska, ya tabbata yaran sun gane wace iska ya ke nufi.

Darasin ya shiga aji

Makarantar boko ta gwamnati ta fara a Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921. Wajen 1930 aka tsara makarantu hawa hawa, elemantare ta shekara huɗu inda a ke koyarwa da Hausa, sa'an nan midil a hedkwatar lardi. A elemantare ta wancan zamani ba a ware kimiyya ta zama fanni mai zaman kansa ba. Abin da ke kusa da ita shi ne kiwon lafiya da aikin gona da duban halittu. A nan ne iska ta shiga darasi, amma ta ƙofar tsabta ta shiga: a buɗe taga iska ta ratsa ɗaki, a share tsakar gida, a binne shara, a rufe bakin masai, a tafasa ruwan sha. Abin da malami ya faɗa a aji, dubagari ya kan bi gida gida ya tilasta shi, daga baya kuma majigi da ajin Yaƙi da Jahilci suka kai shi ƙauyuka.

Wannan darasi yana da tsohon tushe a Turai. Ƙarnuka da yawa likitocinsu sun ɗauka mugunyar iska mai wari, wadda ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓun abubuwa, ita ke kawo annoba. Sunan da su ke kiran zazzaɓin cizon sauro ma daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa mugunyar iska. Sai a 1854 John Snow ya nuna a Landan cewa ta ruwan sha kwalara ke yaɗuwa, a 1897 kuma Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi cikin cikin sauro a Indiya. Kafin boko ya iso Lardin Sakkwato likitoci sun bar tsohon zance, amma a bakin malamin ƙauye da dubagari, ƙazanta da wari da cuta sun ci gaba da tafiya tare. Abin ya kuwa dace da abin da mutane suka riga suka sani, don haka ya karɓu. Ba a musun amfaninsa, gama yawancin cututtukan da ke kashe yara a lokacin ta ƙazanta su ke zuwa.

Sanin iska a matsayin abu mai nauyi da kashi kashi shi ma daga can ya zo. A 1643 Torricelli na Italiya ya nuna da zaiba cikin bututun gilashi cewa iska tana danna ko wane abu. A 1774 Priestley na Ingila ya ware oksijin, Lavoisier na Faransa kuma ya bayyana aikinta wajen cin wuta da numfashi. Yau an san kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kuma iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta ɗara kilo ɗaya nauyi. Wahalar da aka sha ita ce ta faɗin irin waɗannan abubuwa da Hausa. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929 ta koma Hukumar Talifi a Zariya, ta ɗauki wannan aiki, kuma a 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu iri iri na duniya cikin Hausa mai daɗin karatu. A wannan zamani akwai makarantar horon malaman elemantare a Maru, maƙwabciyar Anka ta gabas, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya bar aikin gwamnati a 1950.

Bayan samun mulkin kai aka sake salo. A 1965 aka yi wani taro a Kano inda aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, wanda manufarsa ita ce yaro ya taɓa da hannunsa, ya gwada, ya yi tambaya, da kayan da ke kewaye da shi. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida na lokacin, har da Arewa maso Yamma. Daga irin waɗannan shirye-shirye ne gwaje-gwajen da malamai suka saba da su suka yaɗu. A cusa tsumma cikin kofi, a kifa shi cikin daron ruwa, a fitar da tsumman a bushe. A kunna kyandir a kifa masa kwalba, a ga ya mutu. A kunna turare a lungun aji, ko wane yaro ya ɗaga hannu sa'ad da ƙamshin ya iso gare shi. A 1976 aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1999 kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato. Makarantu suka yawaita, amma ƙwararrun malamai da kayan aiki ba su yawaita daidai da su ba, kuma a ƙauyukan nesa yara da yawa, musamman mata, ba su shiga aji ba sam.

Mai karatu zai lura, ko a sabon salon, gwajin turare abu ɗaya ya ke koyarwa: abin da ke cikin iska hanci zai ba da labarinsa. Ba safai a ke ƙara rabi na biyu ba, watau akwai abin da iska ke ɗauke da shi wanda hanci ba shi da labarinsa.

Zinariya da darma

An fara haƙar zinariya ta zamani a Nijeriya wajen 1913, ta yi ƙarfi cikin shekarun 1930, ta ja baya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Anka da Maru da Birnin Gwari suna cikin wuraren da aka san su da ita. Bayan tafiyar kamfanoni, mutanen gari suka ci gaba da tonon hannu jefi jefi. Abin da ya sauya al'amari shi ne kasuwar duniya. A 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dalar Amurka 300 ba, amma kafin ƙarshen 2009 ta haura dala 1,000. Manomin da ke zaman rani ya ga abin da zai samu a rami cikin mako ya fi abin da gona za ta ba shi cikin watanni.

Ga yadda aikin ya ke. A haƙo dutse, a zuba a buhu, a kawo gari. A farfasa shi da guduma, sa'an nan a niƙa shi a busasshe cikin injin niƙan hatsi, ko mata su daka a turmi cikin gida. A wanke garin da ruwa a bakin kududdufi ko rijiya, yashi ya tafi, mai nauyi ya kwanta. A zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona curin, zaiba ta tashi ta bar zinariya. Duk wannan aiki da siffofin abubuwa a ke yinsa. In aka cika gwangwani da zinariya zai yi nauyin irinsa na ruwa sau 19, na farin dutse kuwa bai kai sau 3 ba, shi ya sa wanki ke raba su, kamar yadda sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Zaiba tana tafasa a digiri 357 na ma'aunin zafi, zinariya kuwa ba ta ko narkewa sai a 1,064, shi ya sa wuta ke raba su. Masu aikin ba jahilan sana'arsu ba ne. Abin da ba su sani ba shi ne waɗansu jijiyoyin dutsen da suka faɗa wa a wannan lokaci cike su ke da darma.

A farkon 2010 mutane suka ga agwagi suna ƙarewa a ƙauyuka, ba wanda ya kawo kome a ransa. Sa'an nan yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, suna mutuwa. Cikin watan Maris, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen neman masu sanƙarau, suka tarar da sababbin kaburburan yara da yawa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka aika da jini Turai aka auna, aka tarar darma ce. Cikin Mayu da Yuni, ma'aikatan gwamnatin tarayya da ta jiha, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu, kuma kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin yara 204 da aka auna jininsu babu ko ɗaya da ya kuɓuta, kashi 97 cikin 100 kuma sun kai matsayin da dole a ba su maganin fitar da darma. Kashi biyu cikin uku na gidajen a cikin gida su ke sarrafa dutse. Iyakar da Amurka ta ajiye a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kashi 400 cikin miliyan, amma a waɗansu wurare na ƙauyukan nan an sami fiye da 100,000. Daga baya aka tarar haka abin ya ke a Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza da Bagega.

Inda tsohon darasi ya gaza

Darma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ya san ta ƙarfe ne mai laushi, mai nauyin ruwa sau 11, mai narkewa a digiri 327. Ya san ma'adininta ma, ko da ya ke da wani suna, gama yawancin tozalin da a ke sayarwa a kasuwa daga dutsen darma a ke samunsa. Wani kwalli da aka kai Amurka daga Nijeriya, wanda aka auna a 2011 bayan an ga darma cikin jinin wani jariri, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa darma ne. Amma darmar da ta shiga gidajen Dareta ba ta zo da ko ɗaya daga siffofin da aka san ta da su ba. Ta zo ne a matsayin ƙura, launinta launin ƙasa, ba wari, ba ɗoyi, ba abin da harshe zai tsargu da shi. Masu binciken duwatsu sun nuna kuma cewa ruwa da iska sun daɗe suna cin ma'adinin a cikin ƙasa, har suka mai da shi wani nau'i wanda ruwan ciki ke narkarwa da sauƙi.

Iska ta ɗauki ƙurar daga bakin inji da turmi, ta sauke ta a tsakar gida, da kan tabarma, da hatsin da aka shanya, da bakin rijiya. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin yaro ƙarami yana tsotse darmar da ya haɗiya ninki huɗu ko biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Jiki ya kan ɗauke ta tamkar sinadarin da ya ke gina ƙashi da shi, ya ajiye ta cikin ƙashi da haƙori, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da jini. Wanda ya tsira da ransa yana iya tashi da raunin fahimta, ko makanta, ko shanyewar gaɓa. Likitoci ba su san wani ƙanƙanin adadi na darma cikin jinin yaro wanda za a ce ba ya cutarwa ba. Tururin zaiba da a ke ƙonawa shi ma ba shi da launi, ba shi da wari.

A nan ne shawarwarin tsohon darasin kiwon lafiya suka juye. An ce a share gida, amma sharar busasshiyar ƙasa ƙura ta ke tayarwa. An ce a tafasa ruwa, amma tafasawa ƙwayar cuta ta ke kashewa, darma kuwa ba rai gare ta ba, in ruwa ya ƙone ma sai ta ƙara yawa cikin abin da ya rage. An ce a ƙone shara ko a bar ta ta ruɓe, amma darma ba ta ruɓewa, wuta kuma ba ta ƙarar da ita. Sai dai a ɗauke ta daga wani wuri a kai ta wani.

Haka kuwa aka yi. Daga Yunin 2010 zuwa farkon 2011, da jagorancin kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jiha, mutanen ƙauyuka bakwai suka kankare saman ƙasar gidajensu da fartanya da shebur, aka zuba a buhuna aka binne cikin manyan ramuka, aka shimfiɗa sabuwar ƙasa. Sarakuna suka ba da umurni a fitar da injuna bayan gari. MSF ta buɗe wuraren jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Da ya ke ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi gidan da ke da guba, yaran Bagega, wajen 1,500, sai da suka jira har 2013, sa'ad da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share garin. A 2015 irin wannan masifa ta auku a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2019 ya nuna fesa ruwa a bakin inji yana rage darmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100. Dalilin kuwa ɗan aji uku zai gane shi: jiƙaƙƙiyar ƙura ba ta tashi. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Abin da ya rage ga masu horon malamai

Ba a cewa darasin firamare shi kaɗai da ya hana abin da ya auku. Talauci ne ya kai mutane rami, ba kuwa wanda zai gane darma cikin dutse sai da na'urar awo. Amma tarihin nan ya nuna darasin yana da giɓi, kuma cike shi ba ya bukatar kayan waje. Bayan gwajin turare, malami ya rufe tagogi ya bar ƙaramar kafa, ya kaɗa tsumman allo cikin hasken da ya ratso, yara su ga ƙurar da su ke shaƙa ba su sani ba. Ya narkar da gishiri kaɗan cikin daron ruwa har ba mai jin ɗanɗanonsa, sa'an nan ya ƙone ruwan a kan wuta su ga gishirin ya dawo. Ya niƙa busasshen ɓurɓushin tubali, ya sake niƙa jiƙaƙƙe, su gwada wanne ya fi tashi. Ya gaya musu iskar da ke kisa cikin hayaƙin gawayi da na janareta a rufaffen ɗaki ba ta da wari, kuma warin gas na girki da gangan a ke zuba masa shi domin hanci ya sami abin kamawa.

Batun harshe ma yana nan. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke shi ta koma ga Turanci. Ko da wane harshe aka rubuta manhaja, iyayen Dareta da Bagega da Hausa aka yi musu bayanin gubar darma, da Hausa kuma suka karɓa har suka fitar da turmin dutse daga gidajensu. Kalmomin da darasin ke bukata, nauyi da laushi da ƙura da tururi da narkewa, duk suna bakin yaro tun daga gida.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malamin da aka tura Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya kamata ya fita daga kwaleji da sanin cewa a ƙasar da zai koyar, an yi abin da gani da ji duka ba su kama ba, sai awo. In ya iya sa ɗan shekara tara ya yarda da haka, har ya koma gida ya hana ƙaninsa wasa kusa da injin niƙan dutse, ya wanke masa hannu kafin cin tuwo, to, darasin mako biyu ya biya kuɗin allinsa.